Yadda Ake Buɗe wa Jiki Littafin Lissafi Bayan Shekara 40 a Legas

Mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya san buhu nawa aka sauke masa jiya, ya san nawa suka ruɓe, ya san wanda ya ci masa bashi tun kafin azumi. Ka tambaye shi nawa jininsa yake, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, garau nake." To, garau ba awo ba ne. An ce jiki magayi, amma a kan hawan jini da ciwon suga jiki ba ya faɗa da wuri. Sukan yi shekaru suna cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, mutum yana ta harkarsa, ba jiri ba ciwon kai.

Hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas ya haɗa lafiya da faragar lokaci a matsayin ni'imomi biyu da mutane da yawa ke tafka asara a kansu. A Legas ba a raba su, domin wanda gosulo ya cinye wa awa huɗu a yini ba shi da lokacin tattaki, ba shi da na barci, balle na layin asibiti. Saboda haka tsarin nan na mako 12 yana tafiya ne a jere: a fara auna jiki, a gano inda awanni ke zurarewa, sannan a taɓa abinci da sauran halaye. Wanda ya fara da sauya komai rana ɗaya, kafin mako biyu ya koma gidan jiya. Ana magana da namiji ne don sauƙin rubutu, inda na mata ya bambanta za a faɗa.

Kayan aiki

Na'urar awon hawan jini mai batir, wadda ake ɗaurawa a damtse. Ka bar ta wuyan hannu, tana saurin ba da lambar ƙarya idan hannu ya ɗan karkace. Kafin ka biya kuɗi, auna kaurin damtsenka: maɗaurin da aka fi sayarwa na santimita 22 zuwa 32 ne, babba kuma 32 zuwa 42. Maɗaurin da ya yi wa damtse kaɗan yana ɗaga lamba, ya tsorata mutum a banza.

Tef ɗin tela, na awon kaya.

Littafi mai bango mai kauri da biro. Kada ka dogara da waya, ana sace ta, tana faɗawa ruwa, kuma likita ya fi saurin duba shafi.

Takalmi mai rufi ko sandal mai maɗauri. Silifas ba na tattaki ba ne.

Ƙaramin cokalin shayi guda, don awon gishiri da suga.

Na'urar awon suga ba dole ba ce a yanzu, sai likita ya ce kana buƙatarta. Idan kuɗin na'urar jini ya yi maka yawa, ku haɗa hannu ku huɗu ko biyar a shago ko a majalisa ku sayi guda, a ajiye wurin mutum ɗaya, kowa da littafinsa. In hakan ma bai samu ba, ka je cibiyar lafiya ta matakin farko da ke unguwarku ko kemis mai lasisi, a auna ka a ranaku uku daban-daban, kana rubutawa.

Mataki na 1: Awon jini na kwana bakwai

Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Wanda ya sauko daga danfo a Oshodi, ya yi cacar baki da kwandasta kan canji, ya shiga kemis aka ɗaura masa na'ura nan take, dole lamba ta hau. Abin da ake nema shi ne yadda jinin yake a zaman yau da kullum.

Ka auna sau biyu a rana: da safe bayan ka dawo daga sallar asuba, kafin karin kumallo da shan kowane magani, sai kuma da dare kafin kwanciya. Minti 30 kafin awo ba goro, ba shayi, ba kofi, ba taba. Ka yi fitsari tukuna. Zauna a kujera mai majingina, tafin ƙafa biyu a ƙasa, kada ka harɗe. Ka yi shiru minti biyar cur, wayar ma a ajiye. Zare hannun riga gaba ɗaya, domin naɗe hannun kaftani yana shaƙe damtse. Ɗaura maɗaurin a kan fata, yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, bututun yana bin cikin hannu, matsewarsa daidai yadda yatsa biyu za su shiga. Ɗora hannun a kan tebur ko matashi yadda maɗaurin zai yi daidai da ƙirji. Danna, kada ka yi magana. Rubuta lambobin biyu, ta sama da ta ƙasa, da bugun zuciya, jira minti ɗaya, ka sake. A ranar farko ka gwada hannu biyu, wanda ya fi ba da lamba mai yawa shi za ka riƙa aunawa.

Bayan kwana bakwai, ka soke na ranar farko, yawanci fargabar na'ura ce a ciki. Tara lambobin sama na sauran kwana shidan ka raba da yawansu, ka yi haka ga na ƙasa. In ka auna yadda aka ce, awo 24 za ka samu.

Ga yadda ake karanta sakamako. A gida, matsakaicin da ya kai 135 a sama ko 85 a ƙasa hawan jini ne har sai likita ya ce ba shi ba. A asibiti 140 da 90 ake ɗauka. Ɗaya daga cikin biyun ta isa, ba sai duka sun hau ba. Idan kana ta ganin 160 bisa 100, kada ka jira kwana bakwai su cika. Idan ka ga 180 bisa 120, huta minti biyar ka sake, in tana nan ka tafi asibiti a ranar. Mai juna biyu kuwa, 140 bisa 90 ya isa ta je wurin awon ciki a ranar, ba gobe ba.

Kuskuren da aka fi yi: aunawa sau goma a jere don neman lamba mai daɗi, da rubuta ƙaramar a bar babbar. Wanda ya yi wa littafin shagonsa haka ya san wa ya cuta. Sai kuma batir mai rauni. Ranar da za ka je asibiti ka tafi da na'urar, a gwada ta da tasu.

Mataki na 2: Ƙugu

Tsaya ba riga, ka zagaya tef tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, wajen saitin cibiya, ka saki numfashi, kada ka shanye ciki. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: ƙugu kada ya kai rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Likitoci kuma suna sa ido daga 94 ga namiji, 80 ga mace. Lambar wandonka ba ita ce ba, wando a ƙarƙashin tumbi yake zama. Babbar riga tana rufa asiri, tef ba ya rufawa.

Mataki na 3: Lissafin awanni

A wannan makon da kake awon jini, ka ware shafi bakwai a bayan littafin. Kowane dare ka rubuta abu biyar: ƙarfe nawa ka kwanta ka tashi, awa nawa a hanya, awa nawa a aiki na gaskiya, awa nawa a zaman da ba ciniki ba hutu, awa nawa a waya. Na wayar kada ka yi kirdado, tana nuna lissafinta a saitinta.

Mako awa 168 ne. A ce mutum yana kwana a Agege, yana harka a Idumota, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, kwana shida. Awa 24 ke nan, kwana guda cur a kowane mako yana zaune a mota yana shaƙar hayaƙi. Abin da tsarin nan ke nema daga gare shi bai kai haka ba: awa biyu da rabi na tattaki a mako, da ƙarin barcin da zai kai shi awa bakwai a dare. Tambayar ita ce daga ina za a yanko.

Wuri na farko hanya ce. Gwada fita minti 30 kafin lokacin da ka saba, kwana uku, ka rubuta lokacin isa. A Legas rabin awa da sassafe takan fanshi fiye da haka a kan titi. Gwada wata hanyar kuma. Jirgin ƙasa na jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Na shuɗin layi yana zirga-zirga tsakanin Marina da Mile 2 tun Satumban 2023. Motocin BRT suna da layinsu a titin Ikorodu da kuma tsakanin Oshodi da Abule Egba. Duk da katin Cowry ake shiga, a sa masa kuɗi tun dare don kada layin loda kati ya cinye abin da aka samu. Ba kowa jadawalin jirgi zai yi wa daidai ba, shi ya sa ake gwadawa a rubuta, ba a bin ji-ta-ji-ta.

Wuri na biyu shi ne tsakanin isha'i da sha biyun dare. Nan yawancin asarar take: hira a teburin mai shayi, kallon ƙwallo, bin bidiyo ɗaya bayan ɗaya. Ba a ce ka ƙaurace wa majalisa ba, mutumin da iyalinsa ke Katsina ko Sakkwato yana buƙatar zama da 'yan'uwa, kaɗaici ma ciwo ne. Ka sa mata ƙarshe kawai. Ka faɗa tun kafin ka zauna: "Alhaji, ni tara da rabi zan tashi, likita ya sa mini doka." Kwana uku za a yi maka tsiya, daga nan a saba.

Wuri na uku shi ne aikin da yaronka zai iya. Mai shekara 50 da har yanzu shi ke buɗe shago, shi ke zuwa banki, shi ke raka kaya tasha, shi ke rufewa, bai horar da kowa ba ne. Zaɓi aiki ɗaya, ka koya wa yaro ɗaya cikin mako biyu, kana duba lissafinsa kullum da yamma. Haka biki da suna da taron ƙungiya: wanda ya zama wajibi a je, sauran a aika gudummawa a buga waya. Kiran iyali a gida ma a sa masa lokaci tsayayye, a ce bayan magariba, maimakon ƙarfe sha ɗayan dare.

Ga uwargida, lissafin ya haɗa da girki sau uku da kai yara makaranta da sana'ar cikin gida. Abin da ya fi yanko mata lokaci shi ne miyar kwana biyu a tukunya ɗaya inda akwai firji da wuta, da raba wa manyan yara aiki, maza da mata.

Mataki na 4: Ranar asibiti

A mako na biyu ko na uku ka ware safiya guda, ka ɗauke ta kamar ranar da kaya za su iso. Ka fara da cibiyar matakin farko ko babban asibitin gwamnati mafi kusa, irin na Orile-Agege ko na Gbagada. Asibitocin koyarwa, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, an fi zuwa da takardar turawa daga ƙaramin asibiti. Ka riƙe asibiti ɗaya da kati ɗaya, domin mai yawon asibitoci kullum daga farko ake fara masa. Ka tambayi teburin inshorar lafiya ta jihar, Ilera Eko, ka ji abin da tsarin ya ƙunsa kafin ka yi rajista.

Ka tafi ba ka ci komai ba na awa takwas zuwa goma, ruwa zalla ne kawai aka yarda. Shayi "ba suga sosai" ya ɓata gwajin. Ka sa abin kari a aljihu. Ka nuna littafinka, ka nemi waɗannan:

Sugan jini kafin cin abinci. Ƙasa da 100 lafiya, 100 zuwa 125 bakin gaɓa, 126 zuwa sama ciwon suga ne idan gwaji na biyu ya tabbatar. Wasu ɗakunan gwaji da ƙananan lambobi suke rubutawa, 5.6 da 7.0. Abu ɗaya ne, ana raba babbar da 18 ne. Akwai gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin wata uku, 6.5 zuwa sama ciwon suga ne, amma ka faɗa wa likita idan kana da sikila ko ƙarancin jini, suna iya karkatar da shi.

Ƙoda: gwajin jini na kiriyatinin, da gwajin fitsari don a ga ko furotin na zuba. Mai hawan jini ko suga ya riƙa yin su duk shekara.

Kitsen jini, wato kwalastarol.

Ciwon hanta nau'in B, gwajin HBsAg. Yana da yawa a ƙasar nan kuma shi ma shiru yake yi. In babu, ka nemi rigakafi: allura uku, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. In akwai, a gwada iyali, kuma kada a fara jiƙe-jiƙe.

Ido: a auna matsin cikinsa a duba jijiyar gani, saboda gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido. Tana cin gani daga gefe, abin da ta ci ba ya dawowa. Gilashin karatu na bakin titi ba ya maye gurbin wannan.

Namiji daga shekara 45 ya tattauna da likita kan gwajin PSA, gwajin jini na neman ciwon prostate, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, musamman idan fitsari yana fita da ƙyar, ko yana tashi sau da yawa cikin dare, ko mahaifinsa ya yi irin ciwon. Mace ta nemi gwajin bakin mahaifa, wanda ake so a fara tun daga shekara 30, da duba mama. Ƙullutu a mama, ko da ba ya ciwo, ba a jira da shi. Tana da damar cewa ma'aikaciya mace take so. Jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya shi ma na asibiti ne.

Idan kuɗi ba su isa duka ba, fara da suga da fitsari da na hanta, sauran a wata mai zuwa. Ka karɓi takardar sakamako ka manna a littafi. "Sun ce ba komai" ba sakamako ba ne.

Mataki na 5: Tattaki

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga baligi shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Makon farko minti goma, kowane mako ka ƙara biyar. Ka rataye shi a jikin abin da ba ka fasawa: daga masallacin asuba ka zagaya ta doguwar hanya, ko ka sauka tasha ɗaya kafin taka. Minti goma sau uku daidai yake da talatin a haɗe.

Ka riƙa fuskantar motoci, ka sa kaya masu haske in da duhu, ka lura da kwatami marar murfi, babban titi kuma ta gadar sama ake tsallaka shi. Ranar ruwa, hawa da saukar bene na minti goma ya wadatar. Sau biyu a mako ka ƙara da tashi-zauna daga kujera ba dafawa, goma sau uku, da tura bango da hannu biyu, don tsoka tana zubewa da shekaru.

Ɗan dako da mahaucin da ke yini a tsaye a Oko-Oba ba tattaki suka rasa ba, nasu ruwan sha ne da awon jini da lura da baya. Direban tirela da ke kwana a layi a Apapa, da ɗan canji, da mai gadin kujera, su ne za su riƙa miƙewa duk awa su taka minti biyar. Wanda awonsa ya kai 180 bisa 110, ko yake jin nauyi a ƙirji in ya yi sauri, ya ga likita kafin ya fara.

Mataki na 6: Tukunya da teburin mai shayi

Daga mako na huɗu. Abu ɗaya a mako, ba duka tare ba.

Gishiri tukuna. Iyakar baligi a yini ƙasa da giram biyar ce, kimanin ƙaramin cokali guda, kuma wannan ya haɗa da wanda ba ka gani: dunƙulen magi, garin da ke cikin ledar indomi, burodi, kifin gwangwani, yajin tsire, kilishi, har da kanwa. A gida a ƙirga dunƙule nawa ake jefawa a tukunya, a rage ɗaya kowane mako har a kai rabi, a cike gurbin da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. Idan aka zare gaba ɗaya rana guda, maigida zai ce miya ta yi lami, a koma. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Indomi a sa rabin garinsa. Kada a ajiye gishiri kusa da faranti.

Sai abin sha. Robar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da suga wajen cokali 12, kusan duk abin da aka yarda wa baligi a yini. Lemon malt da ake cewa yana ƙara jini suga ne shi ma. Haka zoɓo da kunun aya na sayarwa, haka zuma, duk da darajarta, ga mai ciwon suga. Wurin mai shayi ka tsaya ka ga abin da ake zuba maka: madarar gwangwani mai zaƙi, ga suga cokali uku, ga rabin burodin Agege da bota. Ka ce, "Malam, cokali ɗaya, ni zan zuba." Bayan mako biyu ka koma rabi.

Sai faranti. Rabinsa ganye da kayan lambu, kwata tuwo ko shinkafa ko teba ko amala, kwata wake ko kifi ko nama. Malmalar tuwo kamar dunƙulen hannunka, ba biyu ba. Legas ba ta rasa ganye: lalo, wanda Yarabawa ke kira ewedu, da alayyafo da ugu da kuɓewa da yalo da kabeji, mai zama kusa da Mile 12 kuwa ba shi da uzuri. A buka ka ce a rage shinkafa a ƙara wake, kada a kwarara man da ke saman miya. Tsire da balangu sau ɗaya ko biyu a mako, a bar kitsen da kayan ciki.

Lokacin ci ma yana da tasiri. Yawancin masu harka suna yini da goro da lemo, sai sha ɗayan dare su zauna wa indomi biyu da ƙwai uku, su kwanta. Juya shi: abinci mai nauyi da rana, mai sauƙi bayan magariba, awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Taba da shisha babu awon da ya dace, sai bari.

Mataki na 7: Barci

Awa bakwai. Mai tashi ƙarfe biyar ya kwanta ƙarfe goma, lissafin ba shi da wata dabara. Goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari su tsaya daga la'asar. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar tana taimako, in ta zarce awa tana hana na dare. Mai gadin dare ya toshe hasken ɗaki, ya kashe waya, ya yi barcinsa a lokaci ɗaya kullum.

Janareto kada ya kwana a baranda ko lungun ɗakuna ko ƙarƙashin taga. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari, a cikin barci take ɗauke mutane. Idan kuma iyali ko abokin ɗaki ya ce kana minshari har numfashi ya ɗauke ka farka a firgice, ka faɗa wa likita, yana daga cikin abubuwan da ke hana hawan jini sauka.

Mataki na 8: Idan an rubuta maka magani

Lamba ta sauka saboda kana sha ne, ba don ciwon ya tafi ba. Wannan shi ne ramin da ya fi cin mutane: wata biyu ana sha, jini ya daidaita, a ajiye, bayan wata shida a kwashi mutum ranga-ranga. Ka haɗa shan da salla guda, ka ajiye kwalin kusa da dadduma. Ka sayi sabo tun saura na kwana bakwai, a kemis mai lasisi, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Za ka tafi gida hutun Salla, ka ɗauki na kwanakin da ƙarin mako biyu.

In magani ya dame ka, a canza shi ake yi, ba a daina ba. Amlodipine yakan kumbura idon sawu. Lisinopril yakan sa busasshen tari, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa. Maganin da ke sa fitsari da safe ake sha. Metformin a tsakiyar abinci, don kada ya ɓata ciki. Kada ka karɓi na abokinka don ya ce ya yi masa aiki, ƙodarku ba ɗaya ba ce.

Ka yi hattara da maganin ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, da "haɗi" da ake ƙullawa a leda bayan an tashi aiki. Shan su kullum yana ɗaga jini, yana cin ƙoda, yana ƙwaƙule ciki, wani haɗin ma har da dexamethasone mai tayar da suga. Na masu talla a mota da jiƙon gora da na ƙarfin maza, ba ka san abin da ke ciki ba balle yawansa. Duk abin da kake sha, na gargajiya ne ko na Bature, ka zuba a leda ka kai wa likita ya gani.

Mai ciwon suga ya ga likita mako shida zuwa takwas kafin Ramadan don a gyara masa lokutan sha, musamman mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi a wurin malaman da suka yi fatawa a kai. Suga ƙasa da 70, ko sama da 300, ko rawar jiki da gumi da ruɗewa, a karya azumin nan take, a rama daga baya.

Mataki na 9: Shafin farko da mako na 12

A shafin farko na littafin ka rubuta da manyan baƙi: sunanka, magungunanka da awonsu, abin da jikinka ba ya so, lambar katin asibiti, lambar mutum biyu, da lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767. A ƙasa ka rubuta alamomin shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, magana ta harɗe. Ka ƙara da nauyi a ƙirji mai tafiya hannu ko muƙamuƙi tare da gumi. Ka karanta wa iyali da yaran shago. Su san cewa ba a ɗura wa mutum ruwa ko manja ko rubutu a baki, yana iya shaƙewa, kuma ba a ba mai alamar shanyewa asfirin kafin hoton ƙwaƙwalwa, don wata shanyewar jini ne ya tsinke. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, a kwantar da shi ta gefe, a nufi babban asibiti ana addu'a a hanya. Maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko, don haka tun yau ku san asibitin da za ku nufa, da hanyar safe da ta yamma, da mai motar da za a kira.

A mako na 12 ka maimaita awon kwana bakwai da tef da lissafin awanni, ka jera su kusa da na farko. Santimita biyu ko uku a ƙugu ci gaba ne na gaske. Idan jini bai motsa ba duk da ka bi tsarin, ka koma asibiti da littafin, sau da yawa magani biyu ake haɗawa kafin ya sauka. Daga nan mai hawan jini ya riƙa awo kwana biyu a mako, da cikakken mako guda kafin kowace ganawa da likita. Wanda aka samu lafiya kuma ya rubuta watan da zai koma baɗi a bangon littafin, a ce makon farko bayan Babbar Salla, lokacin da kasuwa ta ɗan lafa.